Ranar da Lalla Zuhur Ta Saci Jariri

Lalla Zuhur ta shekara sittin da uku a duniya ba ta taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, sai wata ranar Asabar da ta saci jariri sukutum. Tun da ta idar da sallar asuba take dariya ita kaɗai, tana toshe baki da gefen mayafi.

Jaririn sunansa Nizar, ɗan Tuhami ne, shi kuwa Tuhami ɗan yayanta ne Alhaji Jilali. Ita ta raini Tuhami tun rasuwar mahaifiyarsa, da yake Allah bai ba ta nata ba, mijinta kuma ya daɗe da kwanta dama. Gidansu ɗaya a garin Asfi da ke bakin teku, a gangaren unguwar magina tukwane. Ita da Alhaji suna ƙasa, Tuhami da matarsa Kanza suna bene.

Nizar bakwaini ne. Sai da ya yi sati biyar a kwalba, ubansa na leƙensa ta gilashi yana ƙirga numfashinsa. Da aka sallamo shi kuwa ya kama nono kamar mai ramuwar gayya, kafin wata biyar wuyansa ya ɓace, cinyoyinsa suka yi ninki-ninki. Likita ya duba shi ya ce garau yake, in suna so a yi masa kaciya yanzu a yi, in kuma suna so ya tasa tukuna su bari. Wannan zaɓi da aka ba Tuhami shi ya hana gidan sakat.

Tuhami malamin motsa jiki ne a sakandare, Asabar da Lahadi kuma alƙalin wasan ƙwallo. Mutum ne da zai zaro wa ƙato jan kati a gaban 'yan kallo dubu ko gezau. Amma sau uku yana karɓar rana a wurin likita, sau uku yana bugo waya ya fasa. Ran Litinin ya ce a yi yanzu, tun yaro bai da wayon riƙe abu a rai. Ran Talata ya ce ina, jikin da ya sha allurai haka a bar shi ya huta, a yi yana ɗan shekara huɗu kamar yadda aka yi wa kowa a gidan. Ran Laraba kuma ya karanto wani abu a waya, ya zo yana tambaya ko ba a bari yaro ya yi baki a ji ta bakinsa. Kanza ta ce ita duk wadda ya tsayar za ta bi, shi dai ya tsayar ɗin.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, an kewaye akushin kuskus, Alhaji Jilali ya dunƙula loma ya dubi ɗansa.

"Alƙali, an hura usur, ko har yanzu ana duba na'ura?"

"Baba, nazari nake yi."

"Ni da za a yi mini, wanzami cewa ya yi in dubi tsuntsu. Na ɗaga kai, kafin in sauke an gama. Ba wanda ya yi nazari."

"Shi ya sa har yau kake jifan tattabaruna, Yaya," in ji Zuhur.

Kanza ta ƙware da dariya, sai da aka miƙa mata ruwa. Alhaji bai kula su ba, ya ci gaba. "A da, in iyaye suka tsaya jan ƙafa irin haka, wata mai zuciya cikin dangi ce ke sace yaron ta kai a yi, ta dawo da shi ana guɗa. Iyaye su huta da fargaba, ɓarauniya ta kwashi lada. Yanzu masu zuciyar sun ƙare."

Bai kalli kowa ba da ya faɗi haka, amma maganar ta zauna wa Zuhur daram. Kafin la'asar ta leƙa gidan Batul, maƙwabciyarta kuma ƙawarta tun suna 'yan mata, suka rufe ƙofa suka ƙulla abin da suka ƙulla. Da yamma suka zaga kasuwa suka sayo 'yar farar riga da koriyar hula mai zaren zinariya, irin na yaran kaciya, suka ɓoye a jakar Batul.

Da safe Tuhami ya rataya usur ya tafi filin wasa. Kanza ta shayar da Nizar, ta kwantar da shi, ta hau saman soro shanya. Batul na can kan nata soron tana jira. Ta leƙo ta katanga ta fara ba Kanza labarin wata amarya da ta yi yaji saboda firji, labarin da ba shi da tushe balle ƙarshe, don a tsaye take ƙera shi. Zuhur ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta hau benen gidan da ta shekara talatin tana sharewa tana sanɗa kamar baƙuwa. Ta saɓa Nizar ta goya, ta jefa kwalbar madararsa a aljihu, ta zura ƙatuwar jallabiyarta a kai. Dariya na taso mata tana haɗiyewa.

A bakin ƙofa ta ci karo da Alhaji, yana zaune kan kujerarsa da carbi. Ya dube ta, ya dubi tudun da ke bayanta, wanda ƙafa ɗaya ta leƙo ta ƙarƙashinsa da safa shuɗiya.

"Zuhur, yaushe doro ya fito miki?"

"Yaya, ba ka gan ni ba."

"Ni ai idona ya daɗe da mutuwa," ya ce, ya mai da kai ga carbinsa. Sai dai gemunsa rawa yake yi.

Batul ta cim mata a bakin titi tana haki, suka faɗa tasi, suka kashe wayoyinsu kada Kanza ta kira ta karya musu gwiwa. Suna haɗa ido suka fashe. Direba ya dube su ta madubi.

"Iyayena, lafiya dai?"

"Sata muka yi, ɗan nan," in ji Batul. Ta ɗage jallabiyar Zuhur, Nizar ya leƙo da kumatunsa.

Direba ya gane nan take. Ya ce Allah ya sanya albarka, shi ma ƙanwar babarsa ce ta sace shi, kuma har gobe ya fi son ta a duk dangi. Daga nan har ƙofar asibiti hannunsa bai bar kan ham ba.

Ma'aikaciyar jinyar da ke teburin shiga ta duba sunan ta ɗago kai. "Ɗan alƙalin wasa? Wanda ya fasa sau uku?" Ta ce takardar da uban ya sa wa hannu tun zuwan farko tana nan a ajiye, su zauna, mutum biyu ne a gabansu.

Zuhur ta kwance goyon ta ɗora Nizar a cinya. Ɗakin jiran cike yake da iyaye da yara cikin fararen riguna. Wani ɗan shekara huɗu ya rungume ƙafar benci yana sanar da kowa cewa shi ya yafe keken da aka yi masa alkawari. Nizar ya ƙura wa Zuhur ido, ya kai hannu ya cafke tabaranta. Ƙamshin maganin da aka goge ƙasa da shi ya shige mata hanci, ta yi atishawa mai ƙarfi.

Sai Nizar ya ƙyalƙyale da dariya. Murmushi kam ya daɗe yana yi, amma dariya mai sauti, wadda ke fitowa daga ciki har tumbi na girgiza, ba wanda ya taɓa ji daga bakinsa. Zuhur ta yi sororo. Ta ƙirƙiro wata atishawar, ya sake ƙyalƙyalewa har da shure-shure. Batul ta yi tata. Wani dattijo mai rawani a ƙarshen benci ya ba da gudummawar guda. Kafin a jima rabin ɗakin na atishawar ƙarya, har mai rungume da ƙafar benci ya saki ya matso kallo.

"Nizar Tuhami," in ji ma'aikaciyar.

Zuhur ta yunƙura za ta tashi, sai ta koma ta zauna. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ita ce ta riƙe ƙafafun Tuhami a tsakar gida lokacin da wanzami ya durƙusa. Bai kalli wanzamin ba, ita ya kalla. Bayan nan sai da ya yi kwana arba'in ba ya karɓar abinci daga hannunta. Ta manta da wannan sarai, sai yanzu da wannan fuskar mai kama da tasa ke kallonta baki buɗe tana jiran wata atishawar.

Ta juya ga matar da ke kusa da ita. "'Yar nan, shiga da naki, mu ba ma sauri."

Da aka sake kira ta tura dattijon mai rawani da jikansa. Da aka kira na uku ta duƙa tana neman safar Nizar, alhali tana ƙafarsa.

Batul ta zungure ta. "Ke ma kin zama alƙalin wasa ke nan? Ashe ciwon na gado ne."

"Batul, yau fa ya fara dariya. Uwarsa ma ba ta ji ba. Ta yaya zan haɗa masa ita da kuka a rana ɗaya?"

"To jiya da kike cika baki fa?"

"Jiya ba a cinyata yake ba."

Ta mai da shi baya ta ɗaure, suka lallaɓa suka nufi ƙofa kamar masu bin bayan liman sun makara. Ma'aikaciyar ta bi su da ido. "Lalla, in rubuta sau huɗu ke nan?"

"Rubuta, 'yata," in ji Zuhur, ba ta waiwaya ba. Suna fita suka ruga da gudu iya gudun da tsofaffi biyu da goyo za su iya, suka jingina da bangon wani kanti suna dariya har da hawaye.

Komawa gida nan take bai taso ba, don Zuhur ta ce ba ta shirya haɗa ido da Alhaji ba tukuna. Suka gangara bakin teku, suka sami teburi a wata rumfa da ke kan dutse, suka ce a kawo shayi mai na'ana'a da sifanj mai zafi, wato irin fankensu, suna yaga suna dangwala a zuma.

"To, shayi dai aka ce," in ji Batul tana ɗaga kofinta, "ga shi kuwa an yi."

Zuhur ta ba Nizar madararsa ya shanye tas. Ta ɗaga shi ta nuna masa teku, wanda bai taɓa gani ba duk da kullum yana jin ƙamshinsa ta taga. Ta nuna masa jiragen masu kamun kifi, tana gaya masa na wane ne wannan, na wane ne wancan, da wanda matarsa ta fi shi iya tuƙi. Batul ta ce asara ce a bar riga da hula a jaka, suka sanya masa. Hular ta yi masa yawa, tana zamowa kan ido ɗaya. Mai rumfar ya zo ya yi masa addu'a, ya ce sannu da ƙoƙari, ɗan saurayi. Ba wadda ta gyara masa zance.

Sai bayan azahar suka ɗauki tasi. Tun daga gindin gangaren suka fara jin ganga da algaita. Direba ya ce nan zai tsaya, hanya ta cushe.

"Wa ke biki a unguwar nan ban sani ba?" in ji Batul.

Suka ƙara 'yan taku, sai ga hayaƙin gashi na tashi daga ƙofar gidan Alhaji Jilali, ga fatar rago shanye a katanga. Ashe tun da Zuhur ta sha kwana da safe, mutumin da idonsa ya mutu ya miƙe ya aika a kira mahauci, ya aika a kira makaɗa, ya sa aka shaida wa dangi har na ƙauye.

Zuhur ta ja ta tsaya. Ta juya za ta cire wa Nizar hular, amma wata mata ta riga ta hango kore, ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa. Zuhur ta nemi Batul ta rasa. Can ta hango ta tsakiyar mata, hannu a baki, tana guɗar da ta fi ta kowa tsawo.

Aka yi ciki da Zuhur kamar an ɗauko amarya. Ta buɗe baki za ta yi magana aka cusa mata dabino. Ta haɗiye ta sake buɗewa aka kafa mata ƙoƙon madara. Kanza na zaune a tsakar gida, tsofaffi sun tsoma mata ƙafar dama a kwanon ruwan sanyi don zafin yaron ya huce, idanunta sun yi ja. Tuhami kuwa yana tsakiyar fili da gajeren wandon alƙalanci, usur na lilo a wuyansa, yana taka rawar da ba wanda ya san ya iya. Da ya hango ta ya keto mutane ya kama kanta ya sumbata.

"Goggo, kin sauke mini dutse daga ƙirji. Wallahi tun da aka haife shi ban yi numfashi irin na yau ba."

"Tuhami, tsaya ka ji..."

"Ba sai kin ce komai ba, na yafe. Ku dube shi, ko alamar kuka babu."

"Jinin gidan Jilali ke nan," in ji wani tsoho. "Ba ma kuka."

"Hannun likitan ne mai sauƙi," in ji wata. "Wane ne? Shi zan kai wa nawa."

Nizar na ta wangale baki yana kallon masu algaita da kumatunsu suka kumbura. Zuhur ta cije leɓe, kafaɗunta na rawa, mutane suka ɗauka kukan daɗi take yi.

Kanza ta zare ƙafarta daga ruwa, ta karɓi ɗanta ta rungume, ta haye bene. Zuhur ta bi ta ta mai da ƙofa. Kanza ta kwantar da shi a gado, ta yi bisimilla, ta kwance nafkin a hankali, ido a ɗan runtse. Ta duba. Ta buɗe ido sosai ta ƙara dubawa. Ta ɗago ta kalli Zuhur, wadda ta manne da bango tana murza gefen mayafi.

"Goggo, wannan likitan hannunsa ya cika sauƙi."

"Kanza, na kai shi har ƙofa. Na rantse miki har ƙofa."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai na yi atishawa."

Ta ga bayani ba zai yi ba, ta duƙa kan Nizar ta yi guda. Ya ƙyalƙyale, ƙafafu a sama. Kanza ta dafe ƙirji ta zauna a ƙasa, ta ce a ƙara. Aka ƙara. Daga nan ba a san wa ya fi wani ba tsakanin su ukun, Kanza na dukan katifa tana cewa ita da ta yi awa uku da ƙafa a ruwa har yatsunta sun yamutse.

A haka Tuhami ya turo ƙofa ya same su. Kanza ta yi masa nuni da hannu. Ya matso ya leƙa. Ya sami gefen gado ya zauna. Daga ƙasa ganga na ta tashi.

"Ke nan rawar da na yi..."

"Ta banza ce, ɗana," in ji Zuhur. "Amma ka iya."

Ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suka fara girgiza. Da ya lafa ya share ido ya ce, "To ai ni yanzu na sani. Awa uku na yi ina zaton an yi, kuma ban ji ina da-na-sani ba ko na minti ɗaya. Daɗi kawai na ji. A yi masa."

"A yi," in ji Kanza. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "Amma ni ba daɗi na ji ba. Da na sauko na ga gado wayam, aka ce an tafi da shi, abin da ya tsaya mini shi ne zai yi kuka ya waiga bai gan ni ba. In za a yi, ni da kai za mu kai shi. Kai ka riƙe, ni ina tsaye inda zai gan ni."

"Ni zan riƙe?"

"Kai ne ubansa."

Tuhami ya dubi Zuhur kamar mai neman ceto. Ta ɗaga hannu biyu. "Ni na yi nawa riƙon tun a kanka."

Saura Alhaji. Suka bari sai da aka ci aka sha, baƙi suka fara raguwa, sannan Zuhur ta durƙusa kusa da kujerarsa ta raɗa masa. Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya dubi fatar ragon da ke katanga, ya dubi makaɗa da ke sakace haƙori, ya dubi ƙanwarsa.

"Yaron ya dawo yadda ya tafi?"

"Yadda ya tafi, Yaya. Sai dai ya ga teku."

Alhaji ya jinjina kai. "Shi ragon ba zai dawo yadda ya tafi ba." Ya ɗaga wa makaɗa hannu. "Ku tashi ku ƙara, yau jikana ya ga teku."

Kafin magariba duk unguwa ta ji, don Batul ba ta iya riƙe magana ta kwana.

Ran Alhamis da hantsi Tuhami da Kanza suka kai shi da kansu. Zuhur ta raka su, amma ta tsaya a bakin titi ta toshe kunnuwa da yatsu, duk da tsakaninta da ɗakin likita akwai bango uku. Nizar ya yi kukansa na 'yan mintoci, ya kama nono, ya yi barci. Tuhami ya riƙe shi har aka gama bai saki ba, sai da suka fito ne ya nemi dakali ya zauna, ma'aikaciyar jinya ta kawo masa ruwa da sukari. Cikin mako guda yaro ya warke sumul.

Bayan kwana biyu Zuhur na shara a ƙofar gida, sai ga wata matashiyar maƙwabciya da jariri a kafaɗa, idanunta duk sun faɗa don gajiya. Ta gaishe ta, ta tsaya tana sosa ƙeya.

"Lalla Zuhur, an ce in kin saci yaro teku kike kai shi, ki ba shi madara, ki dawo da shi bayan azahar."

"Haka aka ce."

"To ga nawa. Wanki ya taru mini."

Zuhur ta jingine tsintsiya, ta juya mata baya ta duƙa. "Ɗora shi. Ki leƙa ki ce wa Batul ta fito da jakarta."